Jawabin malamin lakwal a taron ƙungiya: kayan aikin yin gidan hoto



A damanar da ta wuce mun shiga ɗakuna da dama, mun ga hotunan da kuke aikowa daga Abijan da Kano da Legas. Wasu gara ta ci, wasu laima ta manne su da bango. A gida ɗaya, hoton tsohon da ya rasu ne ya lalace, kuma babu na biyu. Shi ya sa muka ce a yi maganar gidan hoto, wanda ake ce ma kadar.

Wanda zai saye kaya, ya fara da zarto. Babban zarton masu rufin kwano yage katako yake yi. A nemi ƙarami mai ƙananan haƙora a jere kusa da juna.

Amma duk wahalar aikin tana ga kusurwa. Sanda huɗu ne, kowace ana yanke bakinta biyu a karkace, digiri 45: yanka takwas ke nan. In kowane ya kauce da digiri 1, sai an zo haɗa kusurwar ƙarshe a tarar da giɓin digiri 8, kuma babu danƙon da ke cika shi. Mun gwada da ido, mun ɓata katako. Don haka a yi akwatin yanka: katako uku a haɗe kamar kwami, a tsaga hanyar zarto a jikinsa sau ɗaya daidai, kullum ta nan zarto zai bi. Ba sai an saye ba. Kafinta na yin shi.

Ekar, ma'aunin kusurwa irin na ƴan lakwal, a gwada shi kafin a biya. A ɗora shi a bakin tebur, a ja layi, a juya shi, a sake ja. In layukan biyu ba su hau juna ba, a maida ma mai shi.

Guduma ƙarama ta isa, da ƙusoshi sirara. A ɗan dakushe bakin ƙusa kafin a buga, kada ta tsaga katakon. Matsewa kuwa, robar tsohon tiyon keke ta fi ƙarfen kanti: a shafa danƙo, a ɗaure, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta da zare ta ɓangare biyu. In tsawon ya zo ɗaya, a bar shi ya kwana.

Abin yankan gilashi kada ku saye. A kai kadar ɗin wurin mai gilashi ya yanka mai kaurin milimita 2. A sa kwali kewaye da hoton don kada fuskarsa ta taɓa gilashin, in ba haka ba laima za ta manne su.

Wanda ke da busasshen katako ya kawo shi lakwal ran Alhamis da la'asar, tare da hoton.