Taura Biyu: Ɗalibin Bakin Ruwa Tsakanin Aji da Sana'a



An saba yi wa ɗalibi nasiha ya zaɓi ɗaya, ko karatu ko nema, wai taura biyu ba ta taunuwa. Nasihar nan ba ta dace da ƙasar Yauri ba. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya tashi mutane fiye da 40,000 daga gungunansu da ƙauyukan gaɓa, rayuwar Yauri da Ngaski da Shanga ta rataya ga kamun kifi, da noman shinkafa, da albasar rani. Waɗannan sana'o'i ne na gandu, kowane hannu da gurbinsa. Ɗan Sarkawa da ya samu shiga kwalejin share fagen jami'a ta Yelwa bai daina zama mai jan taru ba, haka 'yar da uwarta ke bandar kifi. Da abin da suka samo ake biyan rajista. Wanda ya ce su ajiye nema, karatun ya ce su ajiye, ko bai nufa ba, musamman tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023.

Saboda haka magana ta koma kan lokaci, kuma a nan nake ganin makarantu na da nasu alhaki. Ana zuba koma da yamma, a duba ta da asuba. Wanda ya kwana kan kwalekwale ba zai fahimci darasin ƙarfe 8 ba. Yawancin manyan makarantunmu na sharɗanta halartar kashi 75 cikin 100 kafin a zauna jarrabawa. Sharaɗin mai kyau ne, kada a taɓa shi. Amma jadawalin da ke sauyawa ba sanarwa, ko darasin da ake ɗagewa bayan ɗalibi ya biya kuɗin jirgi daga Wara, shi ke kashe ɗalibi mai sana'a. A ba shi jadawali tsayayye tun farkon zango, zai san ranar da zai ba kasuwa. Makarantar allo ta daɗe da gane wannan: ta bar wa almajiri Alhamis da Juma'a, kuma malamai da yawa sun tashi da ɗinkin hula a hannu.

Wasu za su ce ai an kafa asusun bashin karatu na NELFUND a 2024, yana biyan kuɗin makaranta, yana ba da naira 20,000 a wata. Taimako ne, ina kira ga ɗalibai su nema. Sai dai bashi ne, kuma ba ya maye gurbin hannun da gida ya rasa a gona.

Hujja mafi nauyi ta masu cewa a ajiye nema ita ce kuɗi na da zaƙi: yaron da ya ɗanɗana ribar buhun albasa, aji na iya fita ransa. Wannan gaskiya ne, kuma maganinsa na hannun iyaye. Uban da ya amince ɗansa ya yi karatu, ya sauke masa aikin dare a ranakun darasi, ya kuma yafe masa gona gaba ɗaya makonni kaɗan kafin jarrabawa, ko da ta faɗo a tsakiyar girbi.