Tsakanin "Reading" da "To Read": Gammon Yana Bakin Yaro

Jawabin da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na malaman firamare, a Anka

 

An nemi mu yi magana a kan wani ƙulli na nahawun Turanci da ke yawan kayar da 'yan aji biyar da shida: yaushe ake liƙa wa aikatau wutsiyar "-ing", yaushe kuma ake sa masa "to" a gaba. A ido ƙaramin abu ne, amma yana jiran yaro a jarrabawar shiga sakandare, yana kuma jiran sa ranar da zai rubuta takardar neman aiki. Yawancin yaranmu ba sa jin Turanci sai a aji. Da dama sun yi asarar watanni, wasu saboda rufe makarantun jihar nan a 2021, wasu saboda iyayensu sun baro ƙauyuka sun fake a cikin gari. Lokacin da ya rage mana da su kaɗan ne, bai kamata ya tafi a banza ba.

Abin da muka saba shi ne mu jera kalmomi a allo, yara su yi ta rerawa. Yaro ya haddace ranar Litinin, ranar Alhamis ya rubuto mana "I enjoy to play". Ba laifinsa ba ne. Mu ne muka ɗora masa kaya ba gammo, alhali gammon yana bakinsa, wato Hausarsa.

Mu duba jimloli biyu da kowane yaro ya sani: "Ina jin daɗin noma" da "Ina so in yi noma". A ta farko an ambaci aikin kamar yadda ake ambaton suna, abu ne da aka saba yi. A ta biyu niyya ce, aikin yana gaba. Haka Turanci ya raba su: "I enjoy farming", amma "I want to farm". Kalmomin buri da niyya, irin su "want", "hope", "decide" da "promise", suna jan "to". Waɗanda ke magana a kan aikin da ake ciki ko aka kammala, irin su "enjoy", "finish" da "keep", suna jan "-ing". "Na gama shara" ita ce "I have finished sweeping".

Inda abin ya fi armashi shi ne wurin da ma'ana ke sauyawa. Direba ya taso daga Gummi za shi Gusau, ya iso Anka. In aka ce "He stopped to eat", ya tsaya ne don ya ci abinci. In aka ce "He stopped eating", ya daina ci ke nan. Bahaushe yana da "tsaya" da "daina", Bature kuwa kalma ɗaya gare shi, sai ya bar bambancin ga abin da ya biyo ta. Haka "Remember to lock the class", ka tuna ka kulle aji, umarni ne a kan abin da ba a yi ba tukuna. "I remember locking the class" kuwa, ina tune da na kulle, an riga an yi.

Sai dai mu yi hattara, domin akwai inda harsunan biyu suka raba hanya, kuma wajibi ne mu nuna wa yara wuraren. Muna cewa "Ya ƙi zuwa", amma Turanci "He refused to come" yake karɓa. Muna cewa "kafin in ci", shi kuwa "before eating". Ƙa'idar a nan tsayayya ce: bayan ƙananan kalmomi irin su "before", "after", "without" da "by", wutsiyar "-ing" ake sawa. Daga nan ne tarkon da ke kama mu kanmu ya fito. Sau nawa muka rufe wasiƙa da "I look forward to hear from you"? Daidai shi ne "to hearing", domin wannan "to" ɗin dangin waɗancan ƙananan kalmomi ne. Shaidarsa ita ce ana iya sa suna a bayansa, a ce "I look forward to the holiday". Kuma "begin", "start" da "like" suna karɓar duka biyun, kada mu ja wa yaro jan biro a kan abin da ba kuskure ba.

Akwai masu ganin kasawa ce malami ya sako Hausa a darasin Turanci. Muna tuna musu cewa Tsarin Ilimi na Ƙasa na 1977 da harshen uwa ya ce a fara koyar da yaro. Abin kunya shi ne a tashi darasi yaro bai gane ba.

Shawararmu ita ce a ware minti goma a kowane darasi, a ɗauki kalma biyu kacal a mako. A raba allo gida biyu, Hausa a dama, Turanci a hagu, misalai kuma su fito daga gona da kasuwa da rijiya. Idan yara suka kama, a goge ɓangaren Hausa, su ƙirƙiro nasu jimlolin da Turanci zalla. Wanda ya gwada zango guda, ya zo mana da littattafan yaransa a taro na gaba mu duba tare.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, Ya sa albarka a cikin allinmu, Ya raya mana yaran nan.