Kolcisin da Saiwar Albasa: Gwajin da Muka Yi wa Riƙon Sakainar Kashi

 

Kowa a zauren nan ya san siraran bututan nan, maikrotubul, masu jan kromozom gida biyu idan ƙwayar halitta za ta rabu. Ba sai na maimaita ba. Maganata a kan sinadaran da ke wargaza su ce, musamman kolcisin.

Kolcisin yana kama furotin ɗin tubulin, ya hana bututan ginuwa. Sai rabuwa ta tsaya cak a tsakiya, kromozom su takure, su yi kauri, har a iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. A 1938 Albert Levan ya nuna haka a Suwidin da saiwar albasa. Albasa fa, irin wadda ake lodinta a Aliero! A 1956 shi da Joe Hin Tjio, a birnin Lund, suka sa kolcisin da ruwa mai ƙarancin gishiri a ƙwayoyin halittar ɗan Adam, suka ƙirga 46. Kafin nan, sama da shekara 30 littattafai suna cewa 48, malamai suna koyarwa, ɗalibai suna haddacewa. Wace babbar na'ura ce ta gyara wannan kuskure? Madubin ƙara girma ne, da sinadari, da haƙuri. A 1967 kuma Borisy da Taylor a Chicago suka bi sawun kolcisin ɗin nan har ya kai su ga furotin ɗin da daga baya aka raɗa wa suna tubulin.

Ba kolcisin kaɗai ke wargaza bututan nan ba. Binkristin, da ake ba yara masu sankarar jini, daga furen Madagaska aka samo shi, wanda muke shukawa don ado. Kombretastatin daga wata bishiyar Afirka ta Kudu, 'yar'uwar taramniya da geza. Baurairai na dajinmu kuwa kolcisin ne a saiwarsa, shi ya sa yake kisa.

Mu me muke yi? Kowace shekara sai ɗalibi ya jiƙa ganye, ya rubuta cewa akwai alkaloyid, akwai tanin, a ɗaure kundi, a jibge. Ba mai tambayar me ruwan ganyen yake yi wa ƙwayar halitta mai rabuwa. Na daɗe ina faɗa a tarukan sashe: wannan aikin rabi ne, sai an gwada ruwan ganyen a saiwar albasa.

Wasu abokan aiki suna cewa albasa ba mutum ba ce. Wa ya ce mutum ce? Matakin farko ne na tacewa, kuma shi muka fi ƙarfi a yau.

Roƙona ga shugabannin sassa da masu rabon kuɗin bincike: a sayo kolcisin da nokodazol (shi ma mai wargaza bututan ne), a adana su a kulle domin guba ne, a gyara maduban da suka yi ƙura. Duk kundin da ya taɓa ganye, kada a sa masa hannu sai an ga gwajin saiwar albasa a ciki.