Tsohuwar Mota Mai Ogzilari: Yadda Ake Riƙe Ta A Yashin Ɓaure

Yau hirar mota za mu yi, tsohuwar Hilux da Land Cruiser irin waɗanda ke shiga ƙauyukanmu na Ɓaure da Babban Mutum, har bakin iyakar Nijar ta wajen Magarya.

Wanda ya san yankin nan ya san da ka sauka daga kwaltar da ta taso daga Daura ta Zango, to sai yashi. Motar da ke kwaso gero da wake ran kasuwa, ita ce dai ke ɗauko mai naƙuda da tsakar dare. In ta mutu a daji, rai ne a ciki. Ga shi tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tsada, sayen wata motar sai wane da wane. Shi ya sa nake cewa lallaɓa ta hannunka.

Na farko, filtar iska. Ni a wajena ita ce gaba da komai a ƙasarmu, musamman da hunturu. Ƙurar da ta wuce filta cikin inji take shiga, ta dinga cin ringi a hankali, sai ka ga mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi. Ka ciro ta duk mako, ka kakkaɓe a hankali. In za a hura mata iska wajen mai faci, a huro daga ciki zuwa waje. In ta yage ko kaɗan ne, canza ta kawai.

Na biyu, baƙin mai. Duk safiya kafin ka tada mota, ja sandar awo ka duba. A irin hanyarmu kar ka wuce kilomita 5,000 ba ka yi juye ba, kuma a canza har da filta. Filta kuɗinta kaɗan ne, sauke inji kuwa sai ka sayar da sa.

Na uku, lagireto. Da yawanmu ruwan rijiya muke ɗurawa. Ruwan nan yana barin gishiri da tsatsa, su toshe hanyoyin lagireto, sai zafin Afrilu ya zo mota ta fara tafasa. Ka nemi ruwan lagireto na gaskiya. Don Allah kar ka buɗe murfi inji na da zafi, ya ƙona fuskar mutane da yawa. Ka riƙa ajiye fambel guda a mota.

To, mu zo kan ogzilari, nan ne aka fi yin ɓarna. Tsofaffin motocin nan, ogzilarinsu na yashi da laka ne. In ka hau kwalta da shi, tayoyin gaba da na baya ba su da inda za su zame, sai ƙarfin ya koma kan giya da fafela. Da ka fito kwalta, cire shi. In tayoyin gabanka masu makulli ne, sai ka murɗa su sun kulle kafin ogzilari ya yi aiki. Ko da rani ne ba ka buƙata, ka kulle su ka ɗan yi tafiya sau ɗaya a wata don mai ya zagaya.

Kafin ka shiga yashi mai zurfi, rage iskar taya zuwa wajen 20. Taya za ta baje, mota ta hau saman yashi. Amma ka tafi a hankali, kuma ka mayar da iska kafin ka yi gudu a kwalta, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe. In ka kafe, ɗaga ƙafa daga totur. Ƙara wuta rami kawai yake haƙa maka. Shebur, jak da faffaɗan katako su zama 'yan gida a motarka.

Da damina kuma, in ka ratsa ruwa mai zurfi, a duba man aksul. In ya koma fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, a zubar a sa sabo. A kuma buga wa fafela giris.

Masu injin dizal, irin 1HZ na Land Cruiser, ku kula da bel ɗin tayimin. Kilomita 100,000 a canza. In ya tsinke kana tafiya, fistin da bawul ne za su yi karo. In kuma dole ta sa ka sayi man jarka, tace shi, ka riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a gindin filta.

Sai kayan gyara. Ko Daura ka je, ko Ƙofar Ruwa a Kano, tafi da tsohon a hannu ka gwada. In taya ce, duba lambobi huɗun nan na jikinta: 2519 na nufin mako na 25, shekarar 2019. Taya mai kyan fuska tana iya zama tsohuwa.

Ƙannena masu koyon tuƙi, ku saba da leƙa ƙarƙashin mota kowace safiya. Ɗigon mai a ƙasa, nan da nan a kai wa bakanike tun gyaran yana ƙarami.

Nan za mu dakata. Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a nema. Sai mun haɗu a shiri na gaba.