Iskar da Ke Sulalewa ta Ƙuryoyin Duniya

A shekarar 1968, watau shekarar da aka kammala ginin madatsar Kainji, masana suka ba da bayanin wata iska da ke sulalewa daga duniya. Sama da kilomita 80 daga ƙasa, hasken rana yakan farfasa iska ta zama ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, waɗanda ke bin layukan maganaɗisun duniya kamar yadda ruwa ke bin kwari.

A samaniyar Yawuri layukan nan kusan a kwance suke. Saboda haka ƙwayoyin da suka tashi da rana sukan gangaro arewa da kudu, ba su ɓace ba. Amma a ƙuryar arewa da ta kudu layukan a tsaye suke, bakinsu a buɗe, sai haidurojin da oksijin su fice. A 2022 rokar Endurance, wadda aka harba daga tsibiran Svalbard, ta auna ƙarfin lantarkin da ke ɗaga su, ta sami bolt 0.55 kacal.

Lalle asarar kaɗan ce. Sai dai duniyar Mars ta rasa yawancin iskarta, ruwanta ya ƙafe. Shi ya sa masana ba su raina wannan yoyo ba.