Abin da gobara ke bari a jikin bene

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, shugabannin kasuwa, iyaye da 'yan'uwa mazauna Agege, ina godiya da wannan dama da kuka ba ni.

A watan Maris na 2006, gobara ta tashi a dogon benen bankin raya masana'antu, wato NIDB, da ke titin Broad a tsibirin Legas. Aka kashe wuta, gini yana tsaye, mutane suka ci gaba da harkokinsu a ƙarƙashinsa. Bayan kwana biyu, ranar 22 ga wata, aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, sai saman benen ya rufto. An yi asarar rai, mutane da dama sun jikkata. Ragowar ginin ta tsaya tana barazana ga unguwar har watan Satumba na 2008, lokacin da gwamnatin Gwamna Fashola ta sa aka rushe shi da nakiya. Waɗannan kwana biyu da ke tsakanin kashe wuta da faɗuwar gini su ne abin da nake so mu yi nazari a kai yau, domin a irin wannan lokaci ne mutanenmu suka fi shiga.

Benen kankare abu biyu ne ke riƙe da shi. Kankare yana ɗaukar nauyin da ke danne shi, rodi kuma yana hana shi tsinkewa idan aka ja ko aka lanƙwasa. Magini yakan bar kankare mai kaurin yatsa biyu ko makamancin haka a kan rodi, kuma wannan rufi shi ke kare ƙarfen daga zafi. Idan wuta ta kama shago cike da yadi, roba, katifa ko man shafawa, zafinta yakan wuce digiri 800. Kankare kuwa tun daga wajen digiri 300 yake fara rasa ƙarfi, har launinsa ya koma ja-ja. Ɗan ruwan da ke cikinsa yakan zama tururi, ya nemi hanyar fita, sai ka ji kankaren yana fashewa yana zubowa ɓallo-ɓallo. Da rodi ya fito fili, wuta ta same shi kai tsaye, kuma a wajen digiri 600 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Ba sai ya narke ba. Ya isa ya yi laushi, dakin, wato shimfiɗar kankaren da ke raba hawa da hawa, ya lotsa a tsakiya, ya fara jan ginshiƙan da ke riƙe da shi.

Sannan ga ruwan 'yan kwana-kwana, wanda dole ne a zuba shi, amma yana da nasa nauyin. Lita dubu ɗaya tan guda ce. Ku dubi dilar gwanjo ko bandir ɗin atamfa da ta sha ruwa, wadda ƙato biyu ba sa iya ɗagawa, ku lissafa sito guda cike da irinta a hawa na uku, a kan dakin da wuta ta riga ta gasa. Ruwan sanyi a kan kankare mai zafi kuma yana ƙara tsaga shi. Ko bayan ginin ya huce bai gama motsi ba, domin ƙarfen da ya miƙe da zafi yana komawa, yana fizgar mahaɗar bim da ginshiƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin gine-ginen kasuwanninmu sun shiga wuta ne da rauninsu. Gidan kwana ne aka mayar da shi sito, aka fasa bango don faɗaɗa shago, aka ɗora hawa a kan tushen da ba a yi shi don haka ba, aka jera janareto da jarkokin fetur a sama. A kasuwar Dosunmu, ranar 9 ga Afrilu 2024, jajibirin ƙaramar Sallah, hukumomi sun ce zuba fetur a janareto yana aiki ne ya ta da wutar da ta ci gine-gine fiye da goma, wasunsu suka zube. A kasuwar Balogun kuwa, cikin Nuwamba 2019, wani ɓangare na bene ya faɗo ana tsakiyar kashe wuta, ɗan sanda ya rasu. Ko ƙwararru ba su tsira ba: a Tehran ta ƙasar Iran, a Janairun 2017, benen Plasco, wanda ke cike da shagunan tufafi, ya rufta da 'yan kwana-kwana 16.

To, wa ke fara shiga idan hayaƙi ya lafa? Ɗan dako ne da mai shago ya yi wa alkawarin kuɗi mai tsoka ya fito da ragowar kaya. Mai gadi ne da ya koma ɗauko jakarsa da takardunsa. Sai ɗan gwangwan, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro, domin yakan zo da guduma da zarto ya yanki rodin da ya fito fili, alhali mai yiwuwa wannan rodi ne kaɗai ya rage yana riƙe da abin da ke saman kansa. Waɗannan 'ya'yanmu ne, daga Agege da Mile 12 da Idi-Araba suke fita da asuba, kuma ba ganganci ke kai su ba, neman halak ne.

Akwai alamun da kowa zai iya gani: dakin da ya lotsa, tsagar da ta ratsa ginshiƙi a karkace, ƙasa-ƙasa tana zubowa daga sama, ƙofar da ta ƙi rufuwa, ko wata ƙara kamar ana karya itace. Amma rashin ganin alama ba shaida ba ce cewa gini lafiya yake. Injiniyan gine-gine ne ke da ikon faɗa, bayan ya gwada kankaren, kuma a Legas hukumar kula da gine-gine ta LASBCA ce ke da alhakin rufe gini da sa a yi wannan gwaji. Fenti da filasta suna rufe tsaga, ba sa mayar da ƙarfin da ya tafi, don haka mai karɓar hayar shagon da ya taɓa ƙonewa ya nemi ganin takardar gwajin kafin ya biya.

Roƙona ga fadar Sarki da shugabannin 'yan dako da na 'yan gwangwan shi ne a mayar da wannan doka a tsakaninmu, limamai su faɗe ta a masallatai: babu mai shiga ƙonannen bene, komai kuɗin da aka yi masa tayi, sai hukuma ta buɗe shi. Wanda ya ga wuta ko gini yana tsagewa ya kira 112 ko 767, ya janye mutane daga titin da ke ƙarƙashinsa. Mai kayan da ya matsa wa yaro ya shiga kuwa, a kawo maganarsa gaban shugabanni.