Masana'antar Roba: Inda Ta Dosa da Inda Muka Tsaya



An nemi mu yi bayani a kan sababbin dabarun da ke shigowa cikin masana'antar sarrafa roba. Wani zai ce wannan zancen injiniyoyi ne. Amma buta da bokiti da tabarma da takalmi, da buhun taki, da ledar ruwan sha, duk daga wannan masana'anta suka fito, kuma su ne yau suke toshe mana magudanan ruwa da damina, suke taruwa a tumbin awakinmu. Don haka zancen na kowa ne, balle ku da gobe za a kawo wa takardun kwangila da na doka ku sa hannu.

Bari mu fara da asali. A 1907 ne Leo Baekeland ya haɗa robar farko wadda sinadari ce zalla, a Amurka. A 1933 aka gano folietilin, watau robar da ake yin leda da ita, a Ingila. A 1950 abin da duniya duka take yi bai wuce tan miliyan 2 a shekara ba. Zuwa 2019, bisa ƙididdigar ƙungiyar OECD, ya kai tan miliyan 460, kuma kashi 9 cikin 100 kawai na sharar roba aka sake sarrafawa. Saura an ƙone, ko an binne, ko an watsar. Wannan lissafi shi ne ya juya akalar masana'antar. Shekara da shekaru tambayar masu ita ita ce yadda za a yi kaya da yawa da araha. Yanzu an ƙara wata: in an gama amfani da kayan, ina za su? Kusan duk wata sabuwar dabara da za mu ambata amsa ce ga wannan tambaya.

Kafin nan ya kamata mu san yadda aikin yake. Roba takan zo masana'anta ne a matsayin ƙwayoyi kamar tsabar shinkafa. Sai a zuba su cikin wani bututu mai zafi, wani ƙarfe mai murɗi yana juyawa a ciki yana tura su gaba har su narke. Idan aka ɗura narkakkiyar cikin mazubin ƙarfe da ƙarfi, a sami bokiti ko kujera. Idan aka matso ta ta wata kafa ba tsayawa, a sami bututun ruwa ko leda. Idan kuwa aka hura mata iska cikin mazubi, a sami gora ko jarka. Waɗannan hanyoyi uku su ne aikin yawancin masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano.

Canji na farko ya shafi injin kansa. Tsofaffin injuna da matsin mai suke aiki, famfonsu yana shan wuta ko ana zubi ko ba a yi. Tun daga shekarun 1980 aka fara ƙera waɗanda motocin lantarki ke tafiyar da kowane motsi nasu, ba sa jan wuta sai lokacin da suke bukata. Yanzu kuma ana dasa na'urorin awo cikin mazubi, suna aika wa kwamfuta labarin zafi da matsi a kowane zubi, ita kuma tana gyara kuskure kafin kaya su lalace. A ƙasar da mai masana'anta yake ƙona dizal don ya sami wuta, wannan ba ƙaramin rangwame ba ne. Sai dai irin wannan inji ba ya jure wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, kuma in ya tsaya, mai gyaransa dole ya san lantarki da kwamfuta.

Canji na biyu, wanda ya fi girma, shi ne mayar da tsohuwar roba sabuwa. Wahalarsa ita ce roba iri-iri ce. Ku duba gindin gora ko bokiti, sau da yawa za ku ga lamba daga 1 zuwa 7, tsarin da aka fito da shi a Amurka a 1988. Lamba 1 ita ce ta gorar lemo, tana narkewa a wajen digiri 250. Lamba 4 ita ce ta leda, tana narkewa a wajen digiri 110. In aka gauraya su aka narka, abin da zai fito ba shi da ƙwari. Shi ya sa manyan masana'antu suke amfani da wani haske da ido ba ya gani, wanda ke gane irin kowace roba tana tafe a kan bel, iska ta cilla ta wurin 'yan'uwanta. Abin lura, wannan haske ba ya iya karanta baƙar roba, ga shi kuwa baƙar leda ita ce ta cika kasuwanninmu.

Akwai kuma masu neman su warware robar da sinadari, su mayar da ita abin da aka haɗa ta da shi tun farko. A 2016 masana a Japan suka ba da labarin wata ƙwayar halitta da suka samu a garin Sakai, mai cin robar gorar lemo. A 2021 kamfanin Carbios na Faransa ya buɗe masana'antar gwaji wadda ke narkar da irin wannan roba da sinadarin da aka samo daga ƙwayoyin halitta. Wasu kuma suna gasa shara a inda babu iska, ta koma mai. Waɗannan hanyoyi suna da tsada, suna cin makamashi, kuma har yanzu ɗan kaɗan ne na sharar duniya ke bi ta cikinsu. Duk wanda ya zo ofis ya ce yana da injin da zai share matsalar jiha guda, a tambaye shi inda irinsa ya yi shekaru yana aiki.

Canji na uku shi ne robar da ake yi da tsirrai. Tun 2010 kamfanin Braskem na Barazil yake yin folietilin daga rake. Sai dai kada sunan ya ruɗe mu: wannan roba ba ta ruɓewa, daidai take da ta man fetur. Wata kuma da ake yi da sitacin masara tana ruɓewa, amma sai a wurin takin da aka tanada mai zafin kusan digiri 60. Akwai ma wadda ake tallarta da sunan mai ruɓewa alhali farfashewa kawai take yi ta zama ɓurɓushi. Tarayyar Turai ta hana sayar da ita tun 2021.

Abin da ke tura waɗannan canje-canje, doka ce. A 2018 ƙasar Sin ta daina karɓar yawancin sharar robar ƙasashen waje. Tarayyar Turai ta wajabta cewa daga 2025 kashi 25 cikin 100 na robar gorunan lemo ya zama wadda aka sake sarrafawa. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, Ikko kuma ta hana kwanon abinci na soson roba a 2024. A 2022 aka amince a Nairobi a rubuta yarjejeniyar duniya kan sharar roba, amma an tashi taron Busan na 2024 da na Janiba na 2025 ba a daidaita ba.

To, mu ina muka tsaya? Muna da bakin zaren biyu. Ƙwayoyin roba ana yin su a Eleme ta Jihar Ribas, matatar Ɗangote ma ta fara fitar da nata a 2025. Shara kuwa 'yan jari bola sun daɗe suna tsince ta, ana niƙa ta ana mayarwa takalma da butoci, ba tare da gwamnati ta sa musu hannu ba. Abin da muka rasa shi ne tsakiya. Yawancin injunanmu da mazubanmu daga waje ake sayo su, kuma mai mazubi shi ne mai ikon cewa ga abin da za a ƙera. Haka nan muna da ƙarancin ɗakunan gwajin da za su tabbatar cewa robar da aka niƙa daga jarkar maganin ƙwari ba ta koma kwanon cin abinci ba.

Cewa ilmi yana biya, ga shaida a rumbunanmu. Buhun ajiyar wake mai ruɓi uku, wanda aka fara yaɗawa a Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu daga 2007 tare da Jami'ar Purdue ta Amurka, leda biyu ne masu kauri cikin buhun saƙa. Yana hana iska shiga, ƙwari su mutu ba tare da an sa guba ba. Robar ba sabuwa ba ce; tunanin ne sabo, kuma daga matsalar manominmu ya taso.

Saboda haka muna kira ga ɗaliban injiniya da na kimiyyar sinadarai da su nemi aikin koyo a masana'antun Kano da Kaduna, su koyi zanen mazubi da sassaƙa shi. Ku kuma ma'aikata, in za a rubuta doka, a fara da abin da za a iya aiwatarwa: a tilasta sa lamba a jikin kaya, a ƙarfafa yin leda da roba iri ɗaya, a yi wa masu tsintar shara rajista a ba su kariya, a kuma ɗora wa mai kaya wani kaso na kuɗin kwashe sharar kayansa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙasashen da za mu so mu sayar wa kaya sun riga sun fara tambayar da me aka yi su, kuma ina za su bayan an gama da su. Ya rage namu mu tanadi amsa.